Ƙyamar Musulmi: Shawarwarin Majalisarmu a Fagge

Bayan isha'i hira ta kai mu kan yadda ake jingina wa Musulmi ta'addanci. Wani dattijo ya tuno harin da aka kai a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ranar 15 ga Maris 2019, inda aka kashe masallata 51. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana don yaƙi da ƙyamar Musulunci.

Yawancinmu mun ce kada a rama zagi da zagi a Facebook, a kawo hujja: ai mu ma bam ya ci 'yan'uwanmu a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014. Ni dai shawarar wani malami ta fi shiga raina, wato mu riƙa gayyatar maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari buɗa-baki.