Gayya ce ta gina Maraɗi, ko iyakar Najeriya?

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum. Bana 'yan barema na biya suka yi mini noman fari a gonarmu ta wajen Madarunfa. Da kakana ya ji, ya daɗe shiru, can ya ce a zamaninsu fura da makaɗi kawai mai gona ke tanada, samarin gari su tashi gona kafin azahar. Abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa suka riƙe gayya, mu muka sake ta? Ko ita ce tushen yardar da Alhazan Maraɗi ke kasuwanci da ita?

Tsohon malamin gona, Tibiri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Damana ce ta tilasta musu. Wata uku zuwa huɗu gare mu, kuma in shuka ta tsiro haki ba ya jiran kowa. Ka makara kwana kaɗan, hatsi ya tsumbure a jigawa. Hauya guda ba ta iyawa. Gayya kuwa bashi ce: wanda ya ƙi zuwa ta maƙwabci, ranar tasa furarsa tsami za ta yi a ƙwarya. Da gyaɗa ta kawo kuɗi, haraji kuma da kuɗi ake biyansa, yaro ya ga gamanarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, ta fi masa gandun uba. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, samari suka bazu cin rani, gado ya yi ta yanka gonaki. Wa zai kira gayya kan ɗan fegi?

Inna mai ƙuli-ƙuli:
Baba, a gafarce ni, ba ta mutu ba, mu mata muka ɗauke ta. A jihar nan ƙungiyar agaji ta CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991. Kowane mako muna zubi a asusu, mai bukata ta ranta. Da shi na sayi jar akuyata ta farko.

Ɗan kasuwa:
Ban yarda duka ba. Gayya ai ko'ina akwai ta a ƙasar Hausa, me ya sa arzikin ya taru a nan? Iyakar Najeriya ce: hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina da Kano. Amma ubangidana shekara bakwai yana ba ni kaya babu takarda, sannan ya sallame ni da jari. Haka babana ya bar gandun kakana, da yankin gona da damman iri.