Muhawara: Shin dole kaurin wayar ƙasa ya bi kaurin wayar da ta kawo wuta?

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Jiya na sa yaron shagona ya cire waya mai milimita 16 (awon kaurin waya, mm²) da ya ɗaura wa rodin ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ta kwashe wutar matsala, a wani gidan burodi, domin wayar da ta kawo wuta daga turke mai milimita 70 ce. Abin da muka koya wurin iyayen gidanmu shi ne, idan wayar shigowa ta haura 35, to wayar ƙasa rabinta za ta kasance, wato 35 ke nan a wannan aikin. Ni a wurina duk wanda ya sa ƙasa da haka ya ha'inci mai gida.

Injiniya Bishir: Wa alaikumus salam. Malam Lawal, ƙa'idar rabin da ka kawo gaskiya ce, tana cikin BS 7671, dokar aikin wayar lantarki ta Ingila, wadda yawancinmu muke aiki da ita, amma littafin ya ba da hanya biyu, ko a bi tebur ko a yi lissafi. Mu yi lissafin. Idan rodin ya ba da om 50 (awon turjiyar da ƙasa ke yi wa wuta), wutarmu kuma bolt 230 ce, abin da zai ratsa wayar a lokacin matsala bai wuce amfiya 4.6 ba (amfiya ita ce awon yawan wutar da ke gudana), wanda ko siririyar wayar soket za ta ɗauka ba tare da ta yi ɗumi ba. Ƙasar ce take taƙaita wutar, saboda haka ko ka sa waya mai kaurin rake, om 50 ɗin nan yana nan yadda yake. Shi ya sa a dokar Amurka, sashe na 250.66, wayar jan ƙarfe da ke zuwa ga rodi kaɗai ba a tilasta ta wuce lamba 6 a ma'auninsu ba, kimanin milimita 13, komai girman wayar shigowa.

Malam Lawal: Ranka ya daɗe, idan haka ne me ya hana mu sa 2.5 kowa ya huta?

Injiniya Bishir: Abin da ya hana shi ne fatanya da tsatsa. Wayar da aka binne, idan tana da rigar roba amma ba a sa ta cikin bututu ba, mafi ƙanƙantarta 16. Idan tsirara ce, 25 ta jan ƙarfe ko 50 ta baƙin ƙarfe. An yi wannan kaurin ne don ta jure zama cikin ƙasa shekara da shekaru.

Alhaji Mamman, Daura: Injiniya ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu nan ƙasarmu jigawa ce, da hunturu ya shigo ta bushe ƙayau, sai ka ga an cika ramin da gishiri da gawayi don awo ya sauka. Bara na tone wani rami da aka yi wa haka, na tarar da maɗaurin rodin ya zama kore shar, wayar kuma tana taɓawa ta gutsure a hannuna. Da na kankare ta sai ga fari a ciki, ashe alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A takardar sayayya kuwa 25 aka rubuta. Malam Lawal, kuɗin da za ka ƙara a kan 35, da ka sayi rodi na biyu ka kafa shi nesa da na farko da aƙalla tsawon rodin, ka kuma sa na'urar RCD, mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa zuwa ƙasa, domin amfiya 4.6 ba za ta taɓa kashe bireka mai amfiya 63 ba.

Malam Lawal: Na karɓi maganar RCD, amma ban sauka daga kan bakana gaba ɗaya ba. Gidan burodin nan yana da janareta babba, kuma mai shi yana maganar sayen taransifoma tasa. Ranar da aka haɗa wayar ƙasa da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) a can, wutar matsala za ta koma ta cikin ƙarfe ne kai tsaye, ɗaruruwan amfiya, kuma a nan 16 ɗinku ba lallai ta ishe mu ba.

Injiniya Bishir: A wannan kam ina tare da kai, sai dai wayar da za ta ɗauki wannan nauyin ita ce ta tsakanin allon rarraba wuta da taransifoma ko janareta, kuma ita za a yi wa lissafi dabam. Kafin mu ci gaba, ka auna rodin? Om nawa ya ba ka?

Malam Lawal: Ban auna ba tukuna, na'urar awon tana hannun wani abokin aikina a Funtuwa. Ranar Asabar zan kawo muku adadin in Allah ya yarda.