Neman shawara: za mu je Landan a makon Kirsimeti

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 6, za mu je Landan wajen ƙanena daga 21 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu. Biza ta fito. Shi aikin asibiti yake, ba zai samu sukunin zagayawa da mu ba, mu kuma wuraren tarihi muke son gani. Masu sani a taimaka.

Wani Alhaji, Ƙofar Ƙaura: Wa'alaikumus salam. Malam, ranar 25 za ka fara yi wa shiri. Ranar nan garin tsayawa yake cak: ba bas, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba jirgin ƙasa, sai tasi, ita ma da ƙarin kuɗi. Manyan kantuna doka ce ta hana su buɗewa, sai 'yan shagunan unguwa. Ku gama cefanen kwana uku tun ranar 23, don ranar 24 da wuri ake rufewa. Ranar 26 jirgin ƙarƙashin ƙasa na dawowa amma jefi-jefi, kuma ranar ake karya farashin kaya, titin Oxford ba masaka tsinke. Da yara ƙanana ban ba ka shawarar shiga can ba.

Gidan tarihi na British Museum da Hasumiyar Landan, wato tsohuwar fadar Tower of London, duk a rufe suke 24, 25 da 26. Ku je ɗaya ranar 22 ko 23, ɗayan daga 27. Gidan tarihin kyauta ne, har tagullan Benin za ku gani, amma ku kama lokacin shiga ta intanet saboda layi. Hasumiyar kuwa da tikiti ake shiga. Ginin tsakiyarta ya haura shekara 900, kuma a harabar hasumiyar ake ajiye kambin sarautar Ingila.

Wata Malama, Daura: Yaya, kar ka auna sanyin can da hunturunmu. Namu busasshe ne, hantsi na yi ya sake ka. Nasu da yayyafi yake zuwa, ya wuni a jiki. Shadda ba ta tare komai. Hawa uku za a sa: ta ciki mai kama jiki, suwaita, sai jaket mai hana ruwa. Yara a haɗa musu da safar hannu, hular sanyi da takalmi rufaffe. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da kantuna akwai ɗumi, shi ya sa kayan da ake iya cirewa ɗaya-ɗaya suka fi ƙatuwar riga guda.

Sai salla. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, wajen 4 ta faɗi. Azahar wajen 12, kuma cikin awa huɗu La'asar da Magariba duk sun shiga. Ku fita da alwala. Ranar Hasumiya ku yi salla a masallacin Whitechapel, babu nisa. Akwai kuma babban masallaci a gefen Regent's Park.

Wani ɗalibi: Baba, bas ba ta karɓar tsabar kuɗi. Kai da Hajiya kowa ya yanki katin Oyster nasa, wato katin biyan kuɗin bas da jirgi, mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya, kuma kar a dogara da katin naira. Yaran kyauta ne tunda ba su kai 11 ba, ku bi ta ƙofa mai faɗi tare. A tashar jirgi a taɓa katin wajen shiga da wajen fita, wanda ya manta na fita kuɗi mafi yawa za a cire masa.

A kasuwannin Kirsimeti, abin shan nan mai zafi da ƙamshin kirfa giya ce aka dafa, tsiran naman ma yawanci alade ne. Abincin halal sai Whitechapel ko Edgware Road. Kilishi da dambun nama kuma a bar su a Katsina, an hana shiga da nama, a filin jirgi za a karɓe.