Neman kalma: me za mu kira plein air da Hausa?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum. Na zo da ƙoƙon bara wurin masu Hausa. Akwai wata kalma da masu zane ke yawan faɗi, plein air. Faransanci ce, Ingilishi ma aronta ya yi bai fassara ba. Abin da ake nufi shi ne mai zane ya kwashi allonsa da fentinsa ya bar ɗaki, ya je ya tsaya gaban abin da zai zana, gona ce ko tsauni ko bakin teku, ya yi aikin a nan cikin rana da iska, ba daga hoto ba, ba kuma da ka ba. Ƙanena da ya yi karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba zai tafi Faransa bana ya yi irin wannan aiki a ƙauyukan masunta na gaɓar Normandi. Da Baba ya tambaye ni abin da zai je yi, na ce zane a waje. Sai ya ce ai ya san waje za shi tunda har an yi fasfo, shi tambayarsa wane irin zane. To kun ji inda gizo ke saƙar. Ina son kalmar da za a faɗa wa dattijo ya gane ba sai an bi ta da dogon bayani ba.

Ɗan Obalende:
Wa'alaikumus salam, Yaya. Ai abin ba wuya. Su iska suka ambata, don air ɗin nan iska ke nan, mu ma mu ce zanen iska, ko zanen shan iska.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Ƙanena, rufa mana asiri. Ka je ka ce wa dattijo ɗansa zai hau jirgi ya tafi Turai zanen iska, ka ga in ba a karɓe fasfon a ranar ba. Iska a Hausa ta riga ta ɗauki kaya da yawa: ga ɗan iska, ga iskanci, ga masu iskoki. Shan iska kuwa na wanda ya gama aikinsa ne ya fito miƙe ƙafa da yamma. Wannan yaron aiki zai je yi.

Mai sayar da waya, Ikeja:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Fenti aro ne, buroshi aro ne, kala ma aro ce, babu wanda ya mutu. A ce filene'a a wuce wurin.

Mai tambaya, Agege:
Na gwada faɗin ta da ƙarfi yanzu a shago, yaron da ke taya ni ya ɗauka maganar filin jirgi nake. Aro ba laifi ba ne idan abin baƙo ne gaba ɗaya, kamar buroshi. Amma tsayuwa a waje a kalli abu ba baƙonmu ba ne, ban yarda a ce harshe bai da abin faɗi a kai ba.

Tsohon ɗalibin zane na Zariya, Surulere:
Ku ba ni wuri in yi ɗan tsawo, don in ba a san aikin ba za a raɗa masa sunan da ba nasa ba.

Da can a Turai mai zane kan fita ya ɗan zazzana abin da ya gani a takarda, ya koma ɗaki ya yi babban aikin a tsanake. Ba lalaci ba ne, kayan aikin ne ba su yarda ba. Fentin mai da hannu ake niƙa shi, a ɗura a mafitsarar alade a ɗaure bakin, in za a yi aiki a huda ta. Da an huda, saura ya fara bushewa ko ya yoye wa mutum a jaka. A 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya fito da bututun kuza da ake matsewa a rufe, irin wanda muke gani yau da man goge baki. Sai ga jirgin ƙasa kuma: layin Faris ya isa Rouen a 1843, ya isa Le Havre a bakin teku a 1847. Doguwar tafiyar da ake yi a keken doki ta koma ta 'yan sa'o'i. Tun wajen 1830 wasu masu zane suka fara tarewa a ƙauyen Barbizon, gefen dajin Fontainebleau, suna shiga dajin da kayansu. Ɗaya daga cikin irinsu, Daubigny, har kwalekwale ya mai da ɗakin aiki a 1857 yana bin kogi.

Gaɓar da ƙaninka za shi kuwa ita ce cibiyar labarin. Eugène Boudin, haifaffen Honfleur, shi ya fito da Claude Monet, wanda daga baya ya zama shahararren mai zane, daga ɗaki zuwa irin wannan zane tun yana saurayi mai zanen barkwanci na fuskokin mutanen Le Havre. Daga wannan rukuni na masu zane aka samu waɗanda suka yi baje kolinsu na farko a Faris a 1874, 'yan jarida suka yi ta yi musu dariya wai aikinsu bai ƙare ba. Akwai zanen da Monet ya yi a bakin tekun Trouville a 1870, zanen yana Landan yanzu, masu bincike sun samu ƙwayoyin yashi maƙale a cikin fentinsa. A 1885 kuma a Étretat Monet ya karanta jadawalin cikowar teku ba daidai ba, igiyar ruwa ta maka shi da dutse ta tafi da kayan aikinsa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ba iska suka fita nema ba, haske ne. Rana ba ta jiran kowa. Ka fara da hantsi inuwar kwalekwale tana hagu, kafin ka gama haɗa kalar ruwa ta gajarce ta shige ƙarƙashinsa. Malamanmu a Samaru kan ce in ka wuce awa biyu a kan allo ɗaya to wani wurin kake zanawa, ba wanda ka fara ba. Shi ya sa alluna ƙanana ake ɗauka, shi ya sa hannu ke sauri, shi ya sa Monet kan jera alluna da yawa yana sauyawa yadda hasken ke sauyawa. Mai wannan aiki idonsa na sama kullum kamar matar da ta yi shanyar hatsi da damina. Duk kalmar da za ku zaɓa, ta ɗauko wannan.

Ɗan Obalende:
Allah ya ƙara sani, Malam. Na janye iskata. To zanen fili fa?

Dillalin gidaje, Mile 12:
Kada ku soma. A garin nan in ka ce zanen fili, takardar safiyo kowa zai ɗauka, mai lambar fuloti da sa hannun hukuma. Gobe wani zai kira yaron ya ce ya zo ya auna masa rabin fuloti a Ikorodu.

Alhaji, Alaba Rago:
Yara kuna ta kewaye-kewaye. Mu da muka zo Ikko a bayan tirela da dabbobi mun san sunan wurin da ba rufi. Filin Allah. Wanda bai samu masauki ba cewa ake ya kwana a filin Allah. Ku ce zane a filin Allah, ko jariri ya gane.

Mai tambaya, Agege:
Allah ya ja kwana, Alhaji. Gaskiya wannan ta fi duk na baya, kuma ita ce daidai da abin da Bafaranshe ke ji in ya faɗi tasa. Matsalata biyu. Ta ɗaya, ba ta ƙulluwa ta zama suna: mai zanen filin Allah, ƙungiyar masu zanen filin Allah, baki ya cika. Ta biyu, filin Allah a kunnena yana tafe da tausayi, na wanda gobara ko rusau ya bari ba matsuguni. Zan riƙe ta don bayani, amma ban ga ta zauna a kan takardar gayyata ba.

Ma'aikacin rediyo, Ikoyi:
Mu a wurin aiki abin da ake yi a lokacin da yake faruwa kai tsaye muke cewa. Zanen kai tsaye.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Za a zaci a Facebook yake zanen mutane na kallo. Ni ga tawa: zanen ganau. Muna cewa ganau ne ba jiyau ba, wato wanda ya je da ƙafarsa ya gani da idonsa. Mai kwafa daga hoton waya jiyau ne, an ba shi labari. Kalmar gajera ce, tsohuwa ce, ba ta da wani wari, kuma ta kama abin da Malam na Surulere ya bayyana.

Mai tambaya, Agege:
Malama, wannan ta shige ni. Na kusa rufe zancen a nan.

Tsohon ɗalibin zane na Zariya, Surulere:
Dakata tukuna. Hajiya, kalmarki ta yi kyau, amma rigar ta fi mai ita girma. In na zaunar da mutum a ɗaki na zana fuskarsa, ganau ne ni. In na ajiye ƙwarya da lemo a kan tebur na zana, nan ma ganau ne. Aina Onabolu, wanda ya tafi Landan karatun zane a 1920 ya dawo ya koyar a makarantun Legas, da zanen fuskokin mutane ya yi suna, kuma mai zaunar da mutum gabansa ba za a kira shi jiyau ba. Amma wannan ba plein air ba ne. A makaranta abubuwa biyu ne daban, darasinsu daban. Zanen ganau ya dace da babbar rumfar, wato duk abin da aka zana ana kallonsa. Wanda muke nema ɗaki ɗaya ne a cikinta, mai buƙatar a ce babu rufi.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Na karɓi gyara. To in rufi ne matsalar, ga sarari. Muna cewa an fito sarari, an yi taro a sarari, sararin sama. Zanen sarari.

Ɗan Obalende:
Ba za a ɗauka taurari da wata yake zanawa ba? Sararin samaniya fa, na 'yan sama jannati.

Tsohon ɗalibin zane na Zariya, Surulere:
In an ɗauka sama ce ba a yi nisa da gaskiya ba. Je ka tsaya a gaɓar Badagiri ko Tarkwa Bay ka ɗaga hannu ka auna: yashi da bukkokin masunta da bishiyoyin kwakwa ɗan siririn layi ne a ƙasa, sauran duk sama ce da ruwan da ke aron kalarta. Boudin da sama ya shahara, a yawancin zanensa na bakin teku ita ta cinye fiye da rabin allon. Ni na sa hannu a kan sarari.

Af, mai tambaya, ka gaya wa ƙaninka tekun can ba irin namu ba ne. A nan bambancin cikowa da janyewa bai wuce kamar mita ɗaya ba. A wasu sassan gaɓar Normandi, wajen Mont-Saint-Michel, yana haura mita 10, kuma sau biyu a yini. Inda ya kafa allonsa a busasshen yashi da safe, da azahar sai jirgin ruwa. Ya nemi jadawalin ruwa wurin mutanen gari kafin ya sauka ƙarƙashin dutse. Sannan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa can sai wajen ƙarfe goma na dare, ya daidaita lokutan sallarsa.

Wani almajirin ilimi, Agege:
Ban shiga zancen kalma ba, amma tunda dattijo za a yi wa bayani, akwai abin da zai sanyaya masa rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, sai ya nuna masa cewa in ba makawa ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Teku da duwatsu da gajimare suna cikin wannan. In sunan ya nuna wuri ake zanawa, rabin gardamar gida ta ƙare.

Mai tambaya, Agege:
Allah ya saka, Malam. Bari in gwada ta a baki, don kalma sai ta shiga zance ake sanin ƙarfinta. Ya tafi Faransa zanen sarari. Ita mai zanen sarari ce, ba ta aiki daga hoto. Ranar Asabar ɗaliban Yaba za su fita zanen sarari a Epe. Wannan zanen sarari ne ko na ɗaki? Duk sun zauna, na ƙarshen ma ya ba mu kishiyarta kyauta, zanen ɗaki. Abin da ya ƙara burge ni, ba ta rikicewa da ƙasar waje, ba ta rikicewa da fuloti, kuma babu abin kunya a cikinta.

Ga inda na tsaya. Plein air: zanen sarari. Zana abu ana kallonsa, a ɗaki ko a waje: zanen ganau, kada kalmar Malama ta tafi a banza. In ana yi wa wanda bai taɓa ji ba bayani, a ce zane ne a filin Allah, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Wanda ke rubutu a jarida ko yake magana a rediyo ya taimaka ya fara sa su a aiki.

Ma'aikacin rediyo, Ikoyi:
Zan gwada zanen sarari a shirinmu na al'adu in ji abin da masu kira za su ce. Amma ku sani mutanen Sakkwato da na Damagaram ba lalle su ji ta yadda muka ji ba, in sun yi gardama zan dawo muku da ita.

Mai sayar da waya, Ikeja:
Ni dai har yanzu ina nan kan filene'a, kuma za ku ga yaran da kansu ita za su riƙa faɗi. Tunda kun ƙi, sai ku faɗa mini sunan wannan katakon mai ƙafa uku da ake jingina allon a kai.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Majingini. Amma buɗe masa nasa zauren, kada a cakuɗa.