Me za mu kira "embryo" da Hausa?

Maman Hanan, Birnin Kebbi: Jama'a, a taimaka da kalma. Muna shirin faɗakar da mata kan IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 ko 5 a mayar cikin mahaifa. Abin da ake mayarwar nan fa, me sunansa? Ana cewa "dashen ƙwai", amma bai kwanta mini ba. Ana iya ciro ƙwai goma a jikin mace, ba duka ne za su haɗu da maniyyi su fara girma ba. In likita ya ce "guda nawa za a sa miki?", ta ɗauka ƙwai ake nufi, ai cewa za ta yi a zuba duka.

Malam Na-Jega: Hajiya, Suratul Muminun ta jero matakan halittar ɗan Adam a ciki: nuɗfa, alaƙa, mudga. Malamanmu kan fassara alaƙa da gudan jini. A ɗauki wannan.

Ungozomar Argungu: Allah gafarta Malam, a kwana na 5 ko ɗigon jini babu. Dunƙulen ƙwayoyin halitta ne da bai kai kan allura ba. Kuma matar da ta sha ɓari, in ta ji "gudan jini", abin da ta gani a zanenta za ta tuna. Ni dai "ƙwayar tayi" nake cewa. Kowa ya san ɗan tayi, wannan kuwa mafarinsa ne.

Malam Na-Jega: Na yarda. Dashen fa?

Ungozomar Argungu: A bar shi, ya dace, tunda har "ya kama" da "bai kama ba" muke cewa, kamar dashen shinkafa a fadama. Sai dai nan gizo ke saƙar. Manomi kan sa tsiro biyu ko uku a rami ɗaya don kada ya yi asara, haka ma'aurata ke lissafi bayan sun sayar da fili sun biya kuɗin. Amma in biyu suka kama, tagwaye ke nan, fiye da rabin tagwaye kuwa kafin wata tara ya cika ake haifarsu. Ga hawan jini da jijjiga ga uwar, ga kuɗin kwalbar ɗumama jarirai. Shi ya sa a Ingila da Amurka ake ba matar da ba ta kai shekara 35 ba shawarar a dasa guda ɗaya, sauran a daskarar da su don gaba. Louise Brown ma, wadda aka fara haifa ta wannan hanya a 1978, ƙwayar tayi ɗaya aka sa wa mahaifiyarta.

Maman Hanan: Madalla, Yaya. Na rubuta: ƙwai shi ake cirowa, ƙwayar tayi ita ake dasawa, aikin kuma dashen ƙwayar tayi. Waɗanda aka daskarar fa, "ajiyayyu" ko "daskararru"?

Ungozomar Argungu: Ajiyayyu. Kada wata ta ɗauka firjin ƙanƙara ake sa su.