Zafin bazara a Sakkwato: yaya zan kula da mahaifiyata?

Ɗan Jos ya rubuta:
Assalamu alaikum. A Jos aka haife ni, can kuma na girma, sai bana aiki ya kawo ni Sakkwato tare da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70. Tun shigowar Afrilu ta kasa barci a ɗaki, domin rufin kwano ne, kuma har tsakar dare idan ka dafa bango sai ka ji shi da ɗumi kamar gefen murhu. Ruwan tanki kuwa sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da wannan yanayi.

Dattijon Rima ya amsa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, mu kuwa muna ƙasa-ƙasa kusa da Sahara, shi ya sa zafinmu kan zarce digiri 40 kafin saukar damina. Ka saya mata randa, ka ajiye a inuwa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta shi ne yake sanyaya na ciki. Bayan magariba a yayyafa ruwa a tsakar gida, a yi mata shimfiɗa a waje cikin gidan sauro. Haka iyayenmu suka yi tun ba a san fanka ba.

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:
Malam, abin da ya fi damuna shi ne tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu ya bushe, saboda haka kada ka jira sai ta nemi ruwa. Ka riƙa miƙa mata kaɗan-kaɗan. Idan ka ga ta rikice, ko maganarta ta sauya, ko jikinta ya yi zafi rau, ka jiƙa ta da ruwa, ka yi mata fifita, ku garzaya asibiti. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi da dama sun rasu a Bamako a kwanakin. Idan tana shan maganin hawan jini, ka sanar da likitanta halin da ake ciki.

Bakano a Legas ya amsa:
Zafin ma iri-iri ne. A nan Legas da wuya ya kai naku, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, mutum yana wuni a jiƙe. Taku iskar busasshiya ce, don haka idan ka rataya jiƙaƙƙen zane a taga za ta shigo da sanyi, dabarar da ba ta yi mana aiki sosai a nan.

Ɗan Jos ya sake rubutawa:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Na sayo randa, kuma jiya Hajiya ta kwana a tsakar gida har aka kira sallar asuba ba ta farka ba.