Neman shawara: shel ɗin da nake kula da shi duk inda na gyara sai wani wuri ya ɓalle, in rushe shi in sake rubutawa ne?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu hannu a C da Linux ku kawo min ɗauki. Akwai wani ƙaramin shel na layin umarni (manhajar da ke karɓar umarnin da ka buga ta gudanar da shi) da aka rubuta da yaren C, wanda ya fara shi ya ajiye aikin ya kama wani abu daban, yanzu kulawar ta faɗo kaina tunda ni na fi turo masa gyara a baya. Ba wani babba bane kamar bash amma akwai masu amfani da shi a ƙananan na'urori da basu da wuri sosai, kuma rahoton matsaloli ya taru har bansan ta ina zan fara ba.

Wanda yafi ci min tuwo a ƙwarya shine bututu, wato alamar `|` da ke miƙa abinda umarni ɗaya ya fitar ga na gaba. In ka rubuta `cat fayil | wc -l` da ƙaramin fayil lafiya lau, amma da zarar fayil ɗin ya yi girma sai ya tsaya cak, ba amsa ba saƙon kuskure ba komai. `yes | head -1` kuwa, da ya kamata ya buga y ɗaya ya fita, ko harafi ɗaya baya fitarwa. Sai kuma Ctrl-C, da can in ka danna shel ɗin kansa ke mutuwa, wani ya turo faci, wato gyaran kod, yace a yi watsi da SIGINT (siginar da Ctrl-C ke turawa) tun a farkon main, toh yanzu shel baya mutuwa amma `sleep 100` ma baya mutuwa, sai dai ka zauna ka jira shi. Ga shi babu gwaji ko ɗaya a cikin aikin, duk abinda na taɓa sai wani ya rubuto cewa abinda ke masa aiki jiya yau ya lalace, abin ya koma gyaran gangar auzinawa wallahi. Ni dai zuciyata tana ce min in share komai in fara daga farko da tsari mai kyau. Me kuka gani?

Tsohon hannu a Unix:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka share komai tukuna, matsalar bututun nan ko ban ga kod ɗin ba zan iya faɗa maka inda take. Shel ɗinka yana fork na umarnin farko, wato shi uwa ya haifi ɗa, kwafin kansa, da zai gudanar da umarnin, sai ya tsaya da waitpid yana jiran ya gama kafin ya tada na biyu. Bututu a Linux yana ɗaukar 64KB ne in ba a canza ba, to ƙaramin fayil zai shige ciki gaba ɗaya, cat ya gama ya fita, wc ya zo daga baya ya karanta, kowa ya ɗauka komai daidai ne. Amma in fayil ya wuce haka cat zai cika bututun ya kwanta yana jiran mai karantawa, shi kuma mai karantawar ba a ma haife shi ba saboda shel yana jiran cat ya mutu, kowa na jiran kowa. yes kuwa baya gamawa har abada shi yasa head bai taɓa samun damar tashi ba. Ka tada dukkan umarnin da ke cikin layin tukuna, bayan nan sai ka jira su.

Amma bari in gaya maka tun yanzu dan kar ka dawo kace gyarana ya ɓata maka wani abu. Akwai yiwuwar da ka gyara wannan, `yes | head -1` zai buga y ɗaya sannan ya sake maƙalewa. Dalili, fork yana kwafe duk fd ɗin (lambobin fayiloli da bututun da ke buɗe) da uwa ke riƙe da su ya baiwa ɗa, to in yes ya yi dup2 na bakin rubutu na bututun zuwa 1, wato ya maida shi inda yake bugawa, amma bai rufe bakin karatu da ya gada ba, ko head ya fita kanel, wato zuciyar Linux, yana ganin har yanzu akwai mai karatu, wato yes ɗin da kansa, saboda haka ba zai turo masa SIGPIPE ba, siginar da ke kashe mai rubutu in babu mai karatu, zai cika bututu ya kwanta kenan. Haka ma ta ɗaya gefen, wc baya ganin ƙarshen bayani sai an rufe duk kwafin bakin rubutu, ko ɗaya ya rage a hannun shel to zai ta jira. Kowane ɗa bayan dup2 ya rufe bakuna biyun na asali, uwa ma ta rufe nata da zarar ta gama fork. In ya maƙale ka buɗe wata taminal ka yi `ls -l /proc/lambarsa/fd`, zaka ga da idonka wa ke riƙe da abinda bai kamata ba.

Mai tambaya:
Malam wallahi kamar kana gaban kwamfutar. waitpid ɗin yana cikin zagayen fork ɗin, na fitar da shi waje, babban fayil ya wuce, yes kuma ya buga y ɗaya ya tsaya daidai yadda kace. Na duba /proc na ga yes yana riƙe da fd 3 akan bututun da yake rubutawa ciki.

Tsohon hannu a Unix:
To ka gani. Wannan matsala ta biyu ba gyaranka ne ya kawo ta ba, tana nan tun ranar da aka rubuta kod ɗin, ta farko ce ta rufa mata asiri. Ina kyautata zaton yawancin abinda ake kawo maka ƙara akai haka suke, kana cire na sama na ƙasa yana bayyana.

Sabon shiga:
Ni dai yaya da nine kai da na bar C ɗin nan gaba ɗaya na rubuta da Rust. Ai masu shel ɗin fish ma haka suka yi, sun bar C++ sun koma Rust a fish 4.0 da ya fito 2025. Duk wannan wahalar ta memori ka huta da ita.

Mai kula da sabobi:
Ɗan'uwa gaskiya ne fish sun koma Rust, amma ka duba yadda suka yi. Basu share ba, ɓangare ɓangare suka riƙa juyawa tun 2023, tsohon kod da sabo suna aiki tare, kuma suna da tarin gwaje-gwaje da ke faɗa musu in wani hali ya canza. Shi wannan bawan Allah yace ko gwaji ɗaya bashi da shi, da me zai gane sabon ya yi daidai da tsohon? Kuma a cikin abubuwan da ya lissafa babu na memori ko ɗaya, Rust ba zai gaya maka yaushe zaka kira waitpid ba.

Mai tambaya, kan Ctrl-C ɗinka. Facin da aka turo rabin aiki ne. Sigina da aka yi watsi da ita da SIG_IGN tana bin ɗa ta fork kuma tana tsallake exec (matakin da ɗan ke rikiɗa ya zama umarnin da aka kira), ba kamar wadda ka saka mata aikin kamawa ba, ita wannan exec yana maida ta yadda take tun asali. Shi yasa sleep ya gaji kurumtar shel. A cikin ɗa, tsakanin fork da exec, ka maida SIGINT da SIGQUIT da SIGTSTP da SIGTTIN da SIGTTOU zuwa SIG_DFL, wato halinsu na asali, wannan kaɗai zai sa sleep ya riƙa mutuwa. Ka tabbatar kuma `echo $?` bayan nan ya baka 130, wato 128 da lambar siginar wadda itace 2.

Amma in kana son Ctrl-Z da fg da bg (dakatar da aiki, da ci gaba da shi a gaba ko a baya) su yi aiki sai ka shiga maganar rukuni. Taminal ba wa mutum ɗaya take turawa sigina ba, duk rukunin da ke gaba take watsawa. Kowane layin umarni ka bashi rukuninsa da setpgid, kuma ka kira shi a uwa da ɗa duka biyu saboda baka san wanda zai riga wani gudu ba, in ka kira a wuri ɗaya kawai zaka samu matsalar da sai jefi jefi take fitowa kuma bata taɓa fitowa lokacin da kake nemanta. Sai tcsetpgrp ka miƙa musu taminal, in sun gama ko sun tsaya ka karɓo ta. Wajen karɓowar nan ne mutane ke faɗawa rami, a lokacin shel ɗinka yana baya ne, in bai yi watsi da SIGTTOU ba kanel zai dakatar da shi shi kansa. waitpid kuma ka bashi WUNTRACED in ba haka ba ba zai sanar da kai ɗa ya tsaya ba. Sannan ka ajiye yanayin taminal da tcgetattr ka maido da tcsetattr, dan in aka kashe vim da ƙarfi kar mutum ya riƙa rubutu baya ganin abinda yake bugawa har sai ya yi `stty sane`. Littafin jagora na glibc yana da sashe guda akan gina shel mai irin wannan aikin harda misalin kod, ka karanta shi kafin ka taɓa komai.

'Yar gwaji:
Sannunku da ƙoƙari, duk abinda suka faɗa daidai ne amma ni damuwata wata ce, Malam ka gyara bututu yau, me zai hana ya sake lalacewa wata mai zuwa ba tare da ka sani ba? Kafin ka rufe rahoton nan ka rubuta masa gwaji. Ba sai wani babban tsari ba, fulda ɗaya, kowane gwaji ɗan sikirif ne, ka gudanar da shi da shel ɗinka, ka gudanar da shi da dash, wani sanannen ƙaramin shel, ka kwatanta abinda suka buga da lambar fita. Ka naɗe kowanne cikin `timeout 5` dan maƙalewa ta zama faɗuwa mai lamba 124 a maimakon ka zauna kana kallon allo. Duk rahoton da ya zo, ka matse shi har ya zama layi ɗaya ko biyu da ke nuna matsalar, ka ga gwajin ya faɗi, sannan ka gyara. In ka tara irin waɗannan, ranar da wani yace jiya yana aiki yau baya yi, `git bisect run` zai nemo maka ainihin canjin da ya jawo ba sai ka yi ta zato ba. Na Ctrl-C da Ctrl-Z ne kawai basa gwaduwa ta haka saboda suna buƙatar taminal, su sai da expect, manhajar da ke kwaikwayon mutum yana bugawa a taminal. Ka kuma haɗa kod ɗin da `-fsanitize=address` lokacin gwaji, zaka sha mamakin abinda zai tono a wajen sarrafa alamun zance da canza `$`.

Wani abu kuma, ka rubuta a fili abinda shel ɗin ya yi alkawari. Ƙa'idar POSIX ta tsarin Unix yake bi ko bash yake kwaikwaya? Lokacin da Ubuntu ta maida /bin/sh zuwa dash a 2006 sikirif da yawa sun karye, ba dan dash yana da matsala ba, mutane ne suka saba rubuta `[[ ]]` da sauran abubuwan bash a ƙarƙashin #!/bin/sh. Ina da tabbacin a cikin tarin rahoton nan naka akwai irinsu, mutum na neman abinda shel ɗin bai taɓa cewa zai yi ba. Waɗannan ka basu amsa cikin mutunci ka rufe, ba dole bane sai ka ɗauka.

Tsohon hannu a Unix:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma kar ka ɗauka kod ɗinku ne kaɗai ke ɓoye abu shekara da shekaru. Bash da Brian Fox ya fara fitarwa a 1989, Chet Ramey ya ci gaba da riƙe shi, ramin tsaron nan Shellshock da Stéphane Chazelas ya gano a Satumbar 2014 yana ciki tun 1989, shekara 25 kenan duniya na amfani da shi ba wanda ya lura. Bash yana karɓar ma'anar fanshin daga mabambantan muhalli (environment variables), sai ya zarce ya gudanar da duk abinda ya biyo bayan rufe fanshin ɗin. Facin farko ma bai toshe duka ba, sai da aka sake fitar da wasu cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ɓangaren da ke karanta umarni yana rarraba shi ka zuba masa shirme da gangan, alamar zance da ba a rufe ba, `<<` da ba ƙarshe, baka a cikin baka, in ka samu lokaci ka sakar masa AFL, manhajar gwaji da shirme, ya kwana yana jefa masa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rufe fd ɗin, yes ya daina maƙalewa, sleep ma yana mutuwa da 130, kuma na fara fuldar gwajin, maganar sharewa na ajiye ta gefe. Amma ga wani abu da gwajin ya fito da shi yanzu, in na juya abinda shel ke bugawa zuwa fayil kuma aka kira umarnin da babu shi, sai layukan da echo ya buga a baya su fito sau biyu a fayil ɗin, a taminal kuwa sau ɗaya ne. Wannan kuma daga ina?

Mai kula da sabobi:
printf ɗin da echo na shel ɗinka ke bugawa da shi ne. In kana rubutawa taminal yana fitarwa layi layi, in fayil ne yana tarawa a ma'ajiyarsa sai ta cika, fork ya kwafe ma'ajiyar da abinda ke ciki, exec ya kasa, ɗan ya kira exit ya zubar da kwafinsa, uwa ma daga baya ta zubar da nata. Ka yi fflush kafin kowane fork, a ɗa kuma in exec ya kasa ka fita da `_exit`, 127 in ba a samu umarnin ba, 126 in an same shi amma ya ƙi guduwa. Ka saka shi cikin fuldar kafin ka gyara.